Hannuna Nake Nufi, Ba Hannun Baba Ba

Lokacin da abin nan ya same ni ina da shekara ashirin da biyu, ina shekara ta biyu a jami'a a Maraɗi. Ni mutum ne marar yawan magana tun ina ƙarami. A lakol, wato makarantar boko, ni ne wanda ake aron kayensa, littafin rubutunsa, a kwafi darasi idan jarrabawa ta matso, saboda ba na barin layi a karkace, kanun darasi da jan biki, wato biro, sauran da shuɗi, kuma idan na yi kuskure a tsakiyar shafi gara in yage shi in sake daga farko. Malamai suna yabon wannan hali, ni ma ina jin daɗin yabon, ban san shi ne zai juyo ya kama ni ba. Ba don a tausaya mini nake rubuto muku ba. Haushi ne ya sa ni rubutu, kuma mafi yawansa haushin kaina ne.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Gazawa da Gangara. Mahaifina manomi ne, kuma a samartakarsa ya yi ciwon kuturta. Ya sha magani har likita ya sallame shi tun kafin a haife ni, amma ciwon ya tafi da gaɓoɓin yatsu uku na hannunsa na dama, ya kuma bar hannun ba ya jin zafi ko sanyi. Inna ta ce shekaru da yawa kwanonsa daban, moɗarsa daban, ko gidan suna ya je sai a zuba masa nasa a gefe. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, yayyena mata duk sun yi aure. Da aka yaye ni, Inna ta ɗauke ni da gangan ta zaunar da ni gaban akushinsa a zaure, inda duk mai wucewa zai gani. Tun daga nan tare muke ci. Aikina ne in fara sa hannu a tuwo in gaya masa ko ya huce, tunda shi ba zai sani ba sai ya ƙone. Da mutane suka ga yaro ya girma lafiya lau, a hankali suka fara ba shi hannu a masallaci, har aka manta da zancen. Shi bai manta ba.

A Maraɗi na kama ɗaki ni kaɗai, na sayi waya, na faɗa cikin abin da samari da yawa ke yi suna ɓoyewa, wato biya wa kai buƙata da hannu, abin da malamai ke kira istimna'i. Ba zan yi wa abin ado ba, ba kuma zan tsaya bayaninsa ba. Ina yi, ina nadama, ina wanka, ina cewa na daina. Da a nan ya tsaya, da labarina irin na kowa ne. Sai wani ɗan ajinmu ya turo mana wani wa'azi ta waya. Mai wa'azin ya kusa rabin sa'a yana ihu, yana siffanta hannun mai yin haka, ƙazantarsa da warinsa da yadda zai tashi da shi gobe kiyama. Sauran samarin suka saurara, suka yi dariyar jin kunya, suka goge. Ni na ajiye shi, na dinga maimaita shi kamar darasin da za a tambaye ni. Ko sau ɗaya mutumin nan bai faɗi yadda ake wanke hannun ya tsarkaka ba. Ya ɓata hannun ya tafi abinsa.

Daga wanka abin ya fara. Na sani tun makarantar allo cewa idan aka bar lam'a, wato ɗan wurin da ruwa bai taɓa ba, wankan janaba bai yi ba. Sai in gama, in sa tufafi, zuciyata ta ce bayan kunne fa? In tuɓe in koma. In fito, ta ce tsakanin yatsun ƙafa fa? Wankan da bokiti ɗaya ke isa ya koma cin bokiti huɗu. Daga nan ya bar jiki ya tare a hannu. Lissafina shi ne, na wanke hannun, to amma kafin in wanke ai ya taɓa buta, kuma na sake ɗaukar butar bayan na wanke, ke nan najasa ta dawo. Hannun ya taɓa mariƙin ƙofa, ya taɓa biki, ya taɓa waya, wayar ta shiga aljihu, aljihun yana jikin wandon da zan yi salla da shi. Na buɗe sabon kaye na raba shafi gida biyu, gefe guda abin da na taɓa, gefe guda ko na wanke shi. Na sayi ruwan jabel, wanda mata ke sa wa fararen kaya, na fara zuba wa hannuna. Abin da zai ba ku mamaki, tsoro ya sa na bar aikata abin kwata-kwata na tsawon watanni, amma wankin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Abin da ba na gani, ba na jin warinsa, shi nake bi da sabulu daga safe har yamma.

A haka na tafi gida hutun damina. Ranar da na isa Inna ta yi tuwon hatsi da miyar kuka, aka kawo mana zaure kamar kullum. Baba ya zauna yana jira in taɓa in gaya masa. Na ɗaga hannu, na kai shi kan akushi, sai ya ƙi sauka. Abin da ke kaina shi ne idan na sa hannun nan, na ɓata tuwon, Baba zai ci najasa, ya tashi ya yi alwala da baki mai najasa, sallarsa ta lalace, kuma laifin a wuyana. Na ce cikina ne ke murɗawa, wahalar mota ce. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya jira tuwon ya huce da kansa. Washegari na ce zazzaɓi. Rana ta uku na ce na ci a tasha. Daga baya na samo cokali na koma ci a ɗaki, cokalin ma sai na naɗe mariƙinsa da takarda. Na ɓoye butata ta daban bayan rumbu. Na daina ba kowa hannu, idan an miƙo sai in dafa ƙirji in rusuna.

Kwana goma sha biyu da zuwana muna noma, rana ta take, Inna ta kawo fura ta koma. Muka zauna ƙarƙashin aduwa. Ludayi ɗaya ne, kamar yadda muka saba, ya sha ya miƙo mini. Na ce na ƙoshi. Ya yi dariya ya ce wane irin ƙoshi ne ga mutumin da ya nome kuyya ashirin, layin hatsi ashirin cur, da ciki wayam, ko dai wata ƴar Maraɗi ce ta ɗaure mini ciki, in faɗa masa tun da wuri ya fara kiwon rago. Ban yi dariya ba. Ya ajiye wasa ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina goye, ya ce in dube shi in gaya masa abin da ke hana ni ci da shi. Ludayin yana hannunsa har lokacin, a miƙe. Na sunkuyar da kai na ce hannun ne. Iyakar abin da na ce ke nan, hannun ne, Baba.

Hannuna nake nufi. Harafi ɗaya na bari, ni da nake yage shafi saboda ɗigo. Ya dubi hannun da ke riƙe da ludayin, ya daɗe yana dubansa, sannan ya mayar da ludayin cikin ƙwarya a hankali, ya cusa hannun ƙarƙashin riga. Ya ce to, ya ji. Ya tashi ya ɗauki hauyarsa. Ga wurin da nake so ku fahimta, domin shi ne laifina na gaske. Ban yi rashin ganewa ba. A take na san abin da ya ɗauka. Amma in gyara maganar sai in ce nawa nake nufi, shi kuma zai tambaye ni me hannuna ya yi, ni kuma sai in faɗa. Na auna abin biyu a zaune a wurin, ina kallon bayansa yana tafiya cikin hatsi, na zaɓi in bar shi da abin da ya ɗauka. Ba ciwo ne ya yi mini wannan zaɓin ba, ni na yi.

Da yamma ya sa Inna ta ciro masa tsohon kwanonsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya koma ci a bayan ɗaki. Ya ɗaure wa wata moɗa tsumma a mariƙi don a san tasa ce. Ranar Juma'a da aka sallame, mutane suka miƙo masa hannu kamar kullum, sai ya dafa ƙirji. Inna ta same ni bayan rumbu ina zuba jabel. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yi. Ta tambaye ni ko wannan ne abin da aka koya mini a lakol ɗin da suka sayar da akuya suka kai ni. Ta ce ita da ta zauna da shi lokacin da danginta ke cewa ta fito, ita da ta haifi huɗu a ɗakinsa, wanne ne a cikinmu yatsa ya guntule? Ta ce shekara ashirin ina cin tuwo da hannun nan ina ƙiba, yau ne na san yana da wari? Ta jira amsa har ta gaji, ta ce Allah ya shirye ni, ta juya.

Labari bai kwana a gida ba. Baffana, ƙanen Baba, mutum ne mai baki, ya kai shi kasuwar Gangara. Ya laƙaba mini suna Mushe Jabel, Mushe irin wanda ake kiran ƴan boko da Faransanci. Idan na ratso rumfar masu shayi sai ya miƙe ya ce a kauce a ba annasara hanya, kada ƙurar talakawa ta taɓa shi, wani ya yi sauri ya wanke masa benci. A yi ta dariya. Ya ce shi tun ranar da aka sa ni lakol ya faɗa, karatun da ba ya sa ɗa ya ji tausayin ubansa gara kiwon jakai. Na tsani bakinsa a lokacin, har yanzu ma ba na son zama kusa da shi, amma me zan ce? Abin da ya gani ya faɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsofaffin da suka manta da ciwon Baba sai suka tuna. Suka ce ai yaron ɗan jami'a ne, ƙila ya karanto wani abu da mu ba mu sani ba. Masu ba shi hannu suka ragu.

Wata Litinin Baba ya ce zai je garin Agye, bai faɗi dalili ba. Ya bar noma a tsakiyar damina ya hau mota, ya dawo bayan la'asar da takarda a ninke cikin hularsa. Ya same ni a zaure ya ce tunda ni ne mai Faransanci a gidan, in karanta masa da ƙarfi, Inna ma ta ji. Gidan likita ya je ya sa aka sake duba shi. Takardar ta ce babu alamar ciwon a jikinsa, tabon dā ne kawai, ba ya sa wa kowa komai. Ya san abin da ke ciki, an gaya masa can. So yake in gani da idona, da yaren da na yarda da shi. Kun san yadda na karɓi takardar nan? Da bakin farce biyu, ta kusurwa, don kada in ɓata masa ita ya mayar da ita cikin hular da yake salla da ita. Ya ga yadda na riƙe ta. Na karanta har ƙarshe. Ya karɓa, ya ninke, ya ce madalla, ya gode. Bai sake yi mini maganar ba har hutu ya ƙare.

Na koma Maraɗi abin ya ci gaba da cina. Ina makara darasi saboda ina banɗaki. Fatar hannuna ta tsattsage, jini na fita a gaɓoɓi, jinin ma ya zama sabuwar najasar da zan wanke. Ranar da na kasa riƙe biki na tafi asibiti neman man shafawa. Wani dattijon ma'aikacin lafiya ya juya hannuna ya duba, ya shinshina, ya tambaye ni sau nawa nake wankewa a yini. Na ce ban sani ba, alhali yana rubuce a kaye. Ya rufe ƙofa ya ce ba ni ne na farko ba, kuma ba ya buƙatar sunan garinmu. Ban san yadda aka yi ba, na faɗa masa duka, ina kallon ƙasa. Ko fuska bai canja ba. Ya ce abin da ke damuna ciwo ne sananne, ciwon waswasi, yana kama mutum ta inda ya fi tsoro, wani ta kulle ƙofa, wani ta ƙirga raka'a, ni ta tsarki ya kama ni. Ya ce kowane wanki da na ƙara abinci nake ba ciwon. Ya haɗa ni da likitan da ke duba irin wannan, aka ɗora ni kan magani, aka kuma ba ni aikin da zan riƙa yi don yaƙar ciwon. Amma ya ce ya san irinmu, ba zan yarda da maganar mai farar riga kan tsarki ba, in je in sami malami na gaske, ba na cikin waya ba.

Akwai wani tsoho mai karantar da littattafan fiƙihu a zauren gidansa kusa da inda nake haya. Na yi sati ina wucewa ta ƙofar kafin in shiga. Na ce tambaya ce wani abokina ya aiko ni. Ya ce to in gaya wa abokin nawa ya zauna sosai, tabarmar ba ta cizo. Ya saurara har na gama. Ya ce abin da abokina ya aikata ya tuba ya bari, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma maganar tsarki daban take kuma gajera ce. Inda abin ya taɓa a wanke har ya gushe, shi ke nan. Hannun da aka wanke ya tsarkaka, busasshen hannu ba ya kai komai ko'ina. Mai janaba ma yana ci da mutane, yana ba su hannu, ba ya ɓata tuwon kowa. Ya ce wanda kokwanto ke zo masa kullum, hukuncinsa ya yi watsi da kokwanton, ko da zuciyarsa na ihu, kuma komawa wanka saboda waswasi ba tsoron Allah ba ne, biyayya ce ga mai sa waswasin. Duka bai kai minti goma ba. Na fito cike da haushi. Minti goma! Abin yana nan cikin littattafan da ake karantawa a kowane zaure, amma wanda ya iso wayata shi ne mai ihu.

Warkewar ba ta zo da sauƙi ba, kuma ba zan ce ta cika ba. Aikin da likita ya ba ni shi ne in wanke sau ɗaya, in taɓa ƙofa, in taɓa waya, in zauna da hannuwana a kan gwiwa ba tare da na tashi ba, har tsoron ya gaji ya sauka da kansa. Ranar farko gumi ya jiƙa mini riga. Na zubar da jabel, na sake saye, na sake zubarwa. Na ƙona kayen nan. Bayan wata biyar na ci shinkafa a faranti ɗaya da ƴan ajinmu, babu wanda ya san abin da ya faru a wurin sai ni. Amma ku lura, na warke har na iya cin abinci da baƙi, ban iya zuwa gida ba. Salla ƙarama ta wuce, babba ta wuce, ina aika gaisuwa da cewa karatu ya yi yawa. Ba tsoron najasa ba ne kuma, tsoron buɗe baki ne.

Sai da wata damina ta zagayo na koma. Na tarar da ƙuna a tafin hannun Baba, ta warke ta bar tabo. Inna ta ce ya hana ta taɓa masa abinci da hannu, shi ne ya sa hannu a kunu mai zafi bai sani ba. Kwana uku ina bin sa gona ina shirya magana tana rushewa. Rana ta huɗu yana gabana yana cire ciyawa, na tsaya a bayansa, don ba zan iya ina ganin fuskarsa ba, na faɗa. Na ce ranar furar nan nawa hannun nake nufi. Na faɗi abin da nake yi a Maraɗi da sunansa, na faɗi wankin da ciwon da likita da tsohon malamin. Bai juyo ba sai da na gama.

Ban taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba. Ya ce ashe saboda abin da buta ɗaya da istigfari ke gamawa na bar shi ya je Agye ya tuɓe riga gaban yaron da bai kai yayata ba, ana tsikarinsa da allura ana tambayarsa ko ya ji? Ya ce shi da aka haife shi namiji, ya yi samartaka shekara da shekaru babu mai ba shi mata, ni ne zan koya masa abin da saurayi ke fama da shi? Ko don bai shiga lakol ba na ɗauka bai san babin wanka ba? Ya ce wancan laifin ba nasa ba ne, ba shi zai tambaye ni ba, in je can in ƙarata da Mai shi. Amma na gan shi ya ɓoye hannu na yi shiru, na gan shi ya ciro kwano na yi shiru, wannan nasa ne. Ya ce kullum idan ya kwanta sai ya tambayi kansa ko tun ina yaro ƙyamarsa nake ji, dole ce ta sa nake ci. Na durƙusa cikin kuyya ina kuka, ƙato da ni. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in tashi hatsi nake dannewa.

A hanyar gida ya ce ya yafe, amma da sharaɗi. Kada Inna ta ji, kada Baffa ya ji, kada kowa a garin ya ji. Na ce to ai za su ci gaba da ɗaukar cewa ciwonsa na guda. Ya ce su ɗauka, shi ya saba da bakinsu tun kafin a haife ni, ni kuwa ban yi aure ba, kuma garin nan ba ya mantuwa. Yanzu muna ci tare a zaure. Amma yana ci daga gefensa kaɗai, da sauri, ya riga ni tashi. Tsoffin da suka janye hannu ba duka suka mayar ba, shi ma ba ya fara miƙawa. Inna tana zuba mini abinci, tana amsa gaisuwata, ta ɗauka shiriya ce ta zo mini bayan na gama wulaƙanta mijinta, kuma ba ni da izinin gaya mata wani abu daban.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Na ɗauka tsantseni nake yi, ashe ciwo ne, kuma ciwon yana da magani. Na ɗauka kunya nake ji, irin wadda ake yabon yaro da ita, ashe kaina nake karewa, na bar wani yana ɗaukar dukan. Ga masu hawa abin magana suna yi wa samari ihu, ku ji tsoron Allah. Idan za ku faɗi girman laifi ku faɗi yadda ake fita daga cikinsa a zama guda, domin cikin masu sauraronku akwai irina, wanda zai ɗauki kowace kalma ya auna ta har ta haukata shi. Ga iyaye, idan kuka ga ɗanku ya daɗe a makewayi, hannunsa ya yi fari ya tsage, ya daina ba da hannu, kada ku yi saurin cewa girman kai ne ko aljanu, ku kai shi ga likita. Ga ɗan'uwana da ke karanta wannan da hannu mai warin sabulu, wanki na gaba ba zai ba ka natsuwar da na baya bai ba ka ba. Je ka sami malami mai sanyin baki da ma'aikacin lafiya, ka faɗa ko da kana kallon ƙasa. Kuma ka duba gidanku da kyau, domin a lokacin da kake tsare mutane daga ƙazantar da babu ita, akwai wanda ke zaune yana fassara gudun da kake yi, kuma da ciwon da ya fi ci masa rai zai fassara shi. Faɗar gaskiyar ta ɗauke ni abin da bai fi cire ciyawar kuyya ɗaya ba. Mahaifina ya yi fiye da shekara yana jiran ta, kuma har yau shi ne yake rufa mini asiri da nasa mutuncin.